Malam Bube da Aiken da Ban Je Ba

Ranar Talata da hantsi, ina gaban allo ina koyar da 'yan aji biyar, wayata ta yi ƙara. Na ga lambar Malam Bube, na fita baranda ina tunanin wanda zan tura asibiti, domin shekara tara ke nan in ya kira ni a irin wannan lokaci, to jini ake nema. Sai na ji muryar ƙanensa, Alhaji Sahabi. "Sakatare, sai haƙuri. Malam ya cika yanzun ga. Bayan Azahar za a yi mishi sutura." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga ranar zuwa yau na kasa zama wuri ɗaya, kuma ba rashin ne kaɗai ke tayar da ni ba. Akwai aiken da ya yi mini wata biyar da suka wuce, har ya bar duniya ban je ba.

Malam Bube tsohon ma'aikacin jinya ne, mazaunin unguwar Gawon Nama. Da ya yi ritaya sai ya kafa ƙungiyar masu ba da jini kyauta, saboda ya gaji da ganin mace na zubar da jini bayan haihuwa ana yawon neman ledar jini ɗaya. Mahauta ne a cikinmu, da teloli, da masu keke napep, da malaman makaranta irina. Ba albashi, ba ofis, sai benci biyu a ƙofar gidansa. Ƙungiyoyi irin tamu da yawa sun tashi a garin nan sun watse, tamu ta tsaya, kuma na daɗe ban gane dalili ba.

Dalilin wata ɗabi'a ce tasa da nake yi wa kallon ɓata lokaci. Duk wanda ya ba da jini, Malam zai bi sawun maras lafiyar, ya nemi izinin dangi, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa ya je har wurin sana'ar mai jinin ya gaya masa yadda aka ƙare. Ba ya faɗa a waya. In mace ta tashi, zai tsaya bakin shagon tela ya ce, "Matar da ka ba jini ta koma gida da ƙahwarta, yaron na shan nono." In ta rasu ma zai je, ya zauna, ya yi wa mutumin ta'aziyya kamar ɗan'uwanta ne. Yakan ce, "Mai aikin sa-kai ba lada ɗai shika jira ba, labari shika jira."

Ni ne sakatare, kuma ni mutum ne mai son tsari. Na buɗe mana zauren WhatsApp, na rubuta sunan kowa da irin jininsa a littafi, na ce masa, "Malam, zamani ya canza. Saƙo ɗaya ya isa mutum ɗari." Ya yi dariya har ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Sakatare, in ba ka biɗar mutum sai kana son jininai, to kai sauro na, ba shugaba ba." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ban san ni ake gaya wa ba.

Da ciwon suga ya kwantar da shi, ragamar ta dawo hannuna. A lokacin ne aka kawo wata mata daga ƙauye, matar wani manomin shinkafa, jininta irin wanda ba a cika samu ba ne. Mutum uku kaɗai ke da irinsa a littafina, ɗayansu Ɗanjumma, mahauci a Ƙofar Marke. Ya bar teburinsa ana tsakar ciniki, ya je ya ba da jini. Bayan kwana biyu matar ta rasu. Abin da na yi shi ne na rubuta a zaure cewa wadda aka ba jini ranar Alhamis ta rasu, Allah ya jiƙanta, ana buƙatar mutum biyu gobe. Ɗanjumma ba ya karanta boko. Maƙwabcinsa ne ya karanta masa, yana tsaye yana yanka wa wani nama. Tun daga ranar bai sake ɗaukar wayata ba.

Malam bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, bai taɓa yi wa kowa haka ba. Sai da masu dubiya suka watse ya riƙe hannuna ya ce, "Ka tahi ka ishe Ɗanjumma." Na ce, "Ai ya riga ya ji, Malam." Ya ce, "Ya ji, amma ba a hwaɗa mishi ba." Na ce to. Kowace Juma'a sai ya tambaye ni ko na je, in ce mako mai zuwa. Gaskiyar magana girman kai ne. Na ga kamar bai dace malamin makaranta ya je ya tsaya gaban teburin nama yana ba da haƙuri ba. Daga baya Malam ya daina tambaya, na ɗauka ya manta, har na ji daɗi.

Ranar sadakar uku, muna zaune a kan tabarmi ƙofar gidansa, aka kira ni daga asibiti. Wata mai jego ce, kuma irin jinin nan ake nema. Na buɗe littafi na duba mutum ukun nan. Ɗaya ya bi motar shanu zuwa kudu, ɗaya ya ba da jini watan jiya. Saura Ɗanjumma.

Sau biyu ina wuce teburinsa a kan babur kafin na iya tsayawa. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Ɗanjumma, na zaka in hwaɗa ma, matar da ka ba jini ta rasu. Ta bar ɗiya mace, tana hannun kakarta, lahiyarta lau. Allah shi ba mu haƙuri. Ni kuma na yi ma laihi."

Ya ajiye wuƙa ya daɗe yana goge hannu. Sannan ya ce, "Sau uku Malam na zakkuwa nan, shina jan ƙahwa. Mu yi hira, shi tashi. Nic ce shi hwaɗa min yadda anka yi, yac ce a'a, wanga aiken Sakatare na, kuma za shi zaka. Nic ce ba ka zuwa. Yac ce in jira ka." Ya dube ni. "Amma na san ba banza kaz zaka ba yau. Wane asibiti na?"

Na faɗa masa asibitin. Wata biyar Malam yana ajiye mini wannan aike don in zama mutum, ni kuma sai da na buƙaci jini na zo. Ɗanjumma ya bar wa maƙwabcinsa teburin, ya hau bayan babur ɗina, muka je ya ba da jini.

Mai jegon tana kwance har yanzu, likitoci ba su ce komai ba tukuna. Safe da yamma ina zarya tsakanin makaranta da asibiti. Ko ta tashi ko Allah ya yi ikonsa, da ƙafata zan je Ƙofar Marke in faɗa.

Allah ya jiƙan Malam Bube, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba mai ɗakinsa Hajiya Kulu da 'ya'yansa da ƙanensa haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu a bayansa. Allah ya tashi kafaɗar baiwar nan tasa da ke kwance a asibiti, ya yafe mini jinkirina. Shekara tara Malam yana kai wa mutane labari har ƙofa. Ya Allah, ka sa shi ma a tarye shi da labari mai daɗi. Amin.