Agogon da Ya Riga Ladan

Duk wanda ya saba hawa motar Argungu daga Birnin Kebbi ya san Obed, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn nan mai dogon wuya, wanda 'yan tasha ke cewa in ya juya gefe sai an sa cigiya. Ubansa ɗan sanda ne, mutumin Pankshin, aiki ya kawo shi Kebbi tun tana cikin Jihar Sakkwato. Da ya yi ritaya ya ce zai koma gida bayan damina, har Allah ya karɓi abinsa daminar ba ta wuce ba. A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi aka haifi Obed, can ya yi wayo, bakinsa ya kama Kabanci tsaf, har in ya kai ziyara Filato danginsa kan zagaye shi su yi ta ja masa magana don su sha dariya.

Ya yi yaron mota, ya yi kabu-kabu har wani jaki ya koya masa hankali a hanyar Gulma, sannan ya kama tuƙin haya. Ya ma taɓa shiga ƙungiyar mawaƙan coci, sai dai shugaban mawaƙan ya kira shi gefe ya ce Ubangiji ya fi bukatarsa wajen jera kujeru. Ya auri Judith, 'yar Kafanchan mai ɗinki, mace mai baki kamar almakashinta, suka haifi 'ya guda, Shekinah.

Daga tasha Alhaji Nu'uman ya ɗauke shi. Alhaji mai injin casar shinkafa ne a Argungu, yana sayen shanshera daga Augie da Gulma, gidansa kuma yana Birnin Kebbi, don haka kusan kullum suna bisa hanya. Mutum ne mai kyauta, mai faɗa, wanda bai taɓa yin kuskure ba tun da aka haife shi, a faɗarsa. Da aka tambaye shi dalilin ɗaukar Kirista direba, cewa ya yi direban da ba ya azumi ba ya gyangyaɗi a sitiyari bayan la'asar.

Akwai wani aikin da ba a faɗa wa Obed ba ranar da aka ɗauke shi. Da an kira salla a masallacin injin, shi kaɗai ke rage a tsaye, sai kowa ya mayar da shi ma'aji. Wannan ya miƙo waya, wancan makulli, wani ma ragowar rakensa. Alhaji kuwa agogonsa yake kwancewa, don maɗaurinsa na fata ne, ba ya son ruwan alwala.

Agogon nan ba irin na kan tire ba ne. Daga Dubai Alhaji ya zo da shi, ƙirar Suwizalan, ba ya cin batir, motsin hannu kaɗai ke tafiyar da shi. Bayansa gilashi ne, kana ganin 'yan ƙarafa masu haƙora suna juyi kamar hanjin ƙwaro. Ma'aikata na cewa kuɗinsa zai sayi gida a Badariya har da rijiyar burtsatse. Alhaji bai taɓa musa musu ba.

Ranar da abin ya faru, azahar ce, rana na dukan ƙasa. Obed na jingine da mota, agogo a tafin hannunsa. Shekara da shekaru yana riƙe shi kamar ƙwai, bai taɓa sha'awar komai ba. Ran nan dai Shaiɗan, wanda bai shiga sahu ba shi ma, ya ce masa: kai kuwa ko sau ɗaya, ka ga yadda zai yi maka. Obed ya leƙa masallaci, ya ga an yi ruku'u. Ya zura agogo, ya ɗaure a hudar ƙarshe, ya fito da waya don ya ɗauki hoto. To hannun Obed da na Alhaji kamar sillen kara ne da taɓarya. Yana miƙa hannu ƙasa don hoton ya kamo takalminsa, agogo ya sulale ta kan yatsu ya sauka a kan simintin da ake shanya shinkafa.

Ƙas! Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar goro ba, amma a kunnen Obed kamar an harba bindigar toka. Ya yi tsugunne ya ɗauka. Gilashi bai fashe ba. Ya kai kunne, ya ji bugu, sai dai ya kasa bambance na agogo da na zuciyarsa. Ya hure shi, ya goge da rigarsa, ya tofa masa duk addu'ar da ya iya, ta coci da wadda ya tsinta a bakin abokan tasha, don bai san addinin agogon ba. Da aka sallame ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu, har da rusunawa.

“Obed, mi ya same ka kake zufa haka?”

“Rana ce, Alhaji.”

“Yau ka fara ganin ta?”

Da Obed ya koma gida ya kasa cin tuwo. Judith ta dube shi sau ɗaya ta ajiye ɗinkinta.

“Baban Shekinah, wa ka kaɗe?”

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “To hoton ya fito?”

“Wane hoto kuma?”

“Wanda ka sayar da mu saboda shi. Ai gara mu gani, mu rataye a ɗaki.” Sannan ta ce gobe da safe ya je ya faɗa wa mai abu gaskiya. Obed ya ce ai agogon na tafiya. Ta ce kazar da aka yanka ma tana tafiya.

Bakinta kuwa bai faɗi ƙasa ba. Kwana kaɗan Obed ya lura Alhaji ya fara fitowa da wuri. Mutumin da sai an jira shi har shayi ya huce, yanzu shi ke tsaye a bakin ƙofa yana buga agogo da yatsa. Obed ya saci kallo ya gwada da lokacin wayarsa. Agogon ya kama gudu, kullum yana ƙara gaba kamar ɗan kabu-kabu ya hango fasinja.

Obed ya nufi babbar kasuwa wurin Baba Gbenga, Bayaraben da ya tsufa yana gyaran agogo a ƙarƙashin wata laima, Hausa a bakinsa kamar an haife shi a Gwandu. Obed ya ce wani abokinsa ne ya yar da wani agogo na wani mutum.

“Abokin nan naka, siriri ne mai dogon wuya?” in ji Baba Gbenga. Da ya ji irin agogon sai ya cire tabarau ya riƙe haɓa. Ya ce a cikin irinsu akwai wata 'yar waya mai laushi kamar gashin jariri, naɗe take, in ta sha faɗuwa sai ta harɗe, agogo ya dinga sauri. “Amma kada ka kawo mini shi. Ni batir nake canzawa. In na buɗe wannan, ni da kai da abokin naka duk Ikko za mu gudu.” Abin da ya iya yi kawai, ya nuna masa yadda ake jan ɗan maɓallin gefe a mayar da hannun agogo baya.

Nan Obed ya samu sabuwar sana'a. Kullum da azahar, da an tayar da salla, sai ya juya baya, ya ja maɓalli, ya mayar da lokaci inda Allah ya ajiye shi. Ranar Lahadi ce matsala, don ba ya aiki, sai agogo ya samu sake. Wata Litinin kafin azahar, suna injin, Alhaji ya sa aka kira masa ladan, Malam Tamba, wani tsoho mai rangwamen ji, wanda ya fi shekarun injin yana kiran salla a wurin.

“Malam Tamba, barci kake? Lokaci ya shiga tun ɗazu ba ka kira ba!”

“Alhaji, inuwa ba ta gota ba.”

“Inuwa! Mutanen da sunka ƙera wanga agogo jirgin sama suke tayarwa da shi, kai kana gaya mini inuwa. In tsufa ya kama ka, ka faɗi a samo wani.”

Tsoho ya tafi yana gyara rawani. Obed na gefe yana goge gilashin motar da ba ta yi datti ba.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, Mansura 'yar Alhaji ta zo daga Abuja da tsaraba: maɗaurin ƙarfe mai walƙiya, wanda ruwa ba ya yi wa komai. Alhaji ya yi ta sa mata albarka. Daga ranar ya daina kwance agogo, in zai yi alwala sai ya tura shi sama ya wanke ya mayar. Obed ya tsaya riƙe da wayoyin mutane da rakensu, yana kallon agogo na wuce shi zuwa masallaci. Ya gwada cewa ƙarfe ma yana tsatsa. Alhaji ya ce irin wanda ya sani ke nan.

Ranar da aka tashi da azumi sun makara a Argungu wajen awon shinkafar da aka kawo daga Augie. Suka kamo hanya da yamma liƙis. Alhaji na baya a hakimce, gilasan motar baƙaƙe wuluk, a ciki ko da hantsi kamar magariba ne. Ya sha wuya, leɓɓansa sun bushe. Obed na kallonsa ta madubi, ya ga ya duba agogo, ya buɗe ledar dabino, ya kwance murfin gorar kunun aya, ya sake duba agogo. Ta gilashin gaba kuwa ga rana can jajir bisa fadama, ko alamar faɗuwa ba ta yi ba.

Obed bai san hukunce-hukuncen azumi sosai ba, amma ya tashi cikin masu yi, ya san abin da ake nufi da mutum ya wuni da ƙishirwar Kebbi sannan ya zubar da ladan a bakin ƙofa. Ya tuna aikinsa, ya tuna kuɗin makarantar Shekinah. Ya ji Alhaji ya fara bisimilla.

Ya taka burki har dabino ya watse a ƙasan mota.

“Alhaji kak ka ci! Rana ba ta faɗi ba!”

“Kai mahaukaci ne? Kai za ka gaya mini lokacin shan ruwa?”

Obed ya danna maɓalli, gilashin baya ya sauka, hasken rana ya mari Alhaji a fuska. Ya dubi rana, ya dubi agogo, ya sake duban rana kamar yana jiran ta ba da haƙuri. Nan a gefen titi, manyan motoci na wucewa, Obed ya zayyana komai, tun daga simintin shanya har Baba Gbenga da satar murza maɓalli. Hoton kaɗai ya ɓoye.

Alhaji ya buɗe baki, ya tuna yana azumi, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa. Daga ƙarshe ya ce, “Ja mota. In an sha ruwa ina da magana da kai.” Obed bai taɓa roƙon rana ta daɗe a sama ba sai ran nan.

Sun tsaya a wani ƙauye aka kira salla. Alhaji ya ci dabino, ya sha kunu, ya yi magariba, sannan ya dawo ya buɗe wuta. Ya zagi wuyan Obed, ya zagi hannunsa, ya bi ta kan mutanen Suwizalan da ke sayar da abin da ba ya jure faɗuwa ɗaya. Da ya gaji ya zauna a bakin mota yana haki.

“Agogo ƙarfe ne, a gyara shi. Amma ka bari na ci mutuncin tsoho gaban yara, kana tsaye kana gogar gilashi. Wagga ita ta ƙona mini rai.” Ya tura masa ledar ƙosai. “Ci, munafuki. Ka wuni kana rawar jiki awa kai ne mai azumin.”

Washegari ya sa Obed ya ɗauko buhun shinkafa a ka, suka taka har gidan Malam Tamba. Alhaji bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba, don haka ya nuna Obed ya ce, “Ga wanda ya yar da agogo ya ɓata shi, ya sa na yi maka faɗa.” Ya maimaita da ƙarfi saboda kunnen tsohon. Malam Tamba ya dubi buhu, ya dubi Obed da ke tangaɗi a ƙarƙashinsa, ya ce, “Allah shi yi maka albarka, yaro. In an gyara, ka ƙara yar da shi kusa da Salla.”

Agogon ya tafi Dubai a jakar wani abokin kasuwancin Alhaji, ya yi watanni ya dawo da hankalinsa. Obed na nan yana tuƙi, ba a kore shi ba, ba a kuma taɓa albashinsa ba, sai dai duk baƙon da ya shiga motar sai Alhaji ya gabatar da shi da laifinsa kafin sunansa. A bara ma da ƙanen Judith zai yi aure a Kafanchan, Alhaji ya ba su motar da mai cike da tanki, ya ce su je su dawo lafiya, kuma in an zo sa zobe kada a kuskura a ba Obed ya riƙe.