Hannun Inna a Hanyar Bolonya

Ranar wata Lahadi ce, a dogon hutun da ya biyo bayan gama aji huɗu na firamare, na zauna a kujerar baya ta wata 'yar ƙaramar mota ja a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, sanye da rigar sanyin da ta yi mini yawa. A ɗaya ƙarshen kujerar Inna ce, mahaifiyata, ta manne da ƙofa, tsakaninmu kuma kwandon abinci. Mai tuƙin wata tsohuwar Baturiya ce da muke kira Mama Roza, wadda muka sauka a gidanta. Kusa da ita Malam Sale, wani mutumin Damagaram da ke aiki a kamfanin tayil, shi yake yi mana tafinta. Washegari za a kwantar da ni a asibiti a tsaga ƙirjina a gyara mini zuciya. Da kunnena na ji Malam Sale yana fassara wa Inna maganar likita, cewa aikin babba ne, kuma ba kowane yaro ke farkawa ba. Shi ya sa Mama Roza ta ce ba zai yiwu a zo har ƙasarsu a ƙare da kallon bangon asibiti ba, sai ta kai mu mun ga garuruwa. Ban yi murna ba, ban kuma ji tsoro ba. Aka ce shiga mota, na shiga.

A Potiskum aka haife ni, a wani gida mai ƙofa biyu kusa da inda manyan motoci ke kwana, domin babana direban tirela ne. Da ciwon na zo duniya. Leɓɓana kullum baƙi ƙirin kamar wadda ta ci ɗinya, kan yatsuna a kumbure, kuma ba na yin tafiya mai nisa sai numfashina ya ɗauke in tsuguna. Tsugunnon shi ne maganina, shi ne kuma ya zama sunana a makaranta, inda yara ke ce mini Mai-tsugunno. Idan aka fito tara, 'yan ajinmu na gaɗa da 'yar gala-gala, ni ina gindin maina ina gadin takalmansu. A gida ma haka. Ƙannena ke daka, su ke ɗebo ruwa a famfon layi, ni sai a ajiye mini faifai in tsince wake. Da kaka idan aka tafi gonar kakanmu a Mamudo roron wake, a inuwar amalanke ake ajiye ni tare da goran ruwa, ina kallon zannuwan mata suna shiga cikin karan gero suna ɓacewa. Na saba da zama a gefe tun ban san ana kiransa haka ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna Bafulatana ce ta gaske, daga wata ruga bayan Gadaka aka auro ta. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sunana A'isha, gida ana ce mini Indo, amma ko Indon bai taɓa fita daga bakin Inna ba. Idan tana son aikena sai ta ce da ƙanwata, "Ki ce wa waccan ta miƙo ludayi," alhali ina zaune kusa da ƙafarta. Goggo, yayar babana, ita ta yaye ni, a ɗakinta nake kwana, ita ke goya ni zuwa kemis idan ciwon ya motsa. Inna kuwa tana bakin murhu tana tuƙin tuwo, ba ta ko waiwayowa. Mata na yabonta, suna cewa, "Wance akwai kara." Ni dai Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, na yi ta tambayar fuskar Inna ba ta ba ni labarin komai ba.

Da wata ƙungiyar agaji ta zaɓe ni cikin yaran da za a kai waje, kowa ya ɗauka Goggo ce za ta raka ni, har ta fara ɗinki. Sai aka ce a'a, dole uwa mahaifiya. Haka aka haɗa ni da Inna mu biyu, daga tashar Potiskum zuwa Kano, daga Kano zuwa jirgi, ba mu da abin cewa da juna. A asibitin can na ga abin da ban taɓa gani ba. Iyaye mata na sumbatar 'ya'yansu a kumatu, suna rungume su, suna kuka a fili ba sa ko rufe fuska. Inna na zaune a kan kujera da carbinta, idonta na kan taga. A nan wata tambaya ta shige ni ta zauna: idan ban farka ba, matar nan za ta ji wani abu kuwa? Ba mutuwar ce ta dame ni ba, don ban san ta ba. Amsar tambayar nake so kafin a sa ni barci.

Da wannan tambayar na shiga motar ranar Lahadin. Muna fita daga Bolonya hanya ta fara hawa duwatsu, mu da muka fito daga ƙasar da za ka hango rimi tun daga nisan duniya. Inda dutse ya tare hanya sai su huda shi su wuce ta ciki. Motar kan shiga kogo, rana ta ɓace, sai wasu fitilu ja-ja suna wucewa, ƙara ta cika kunne, can kuma a fito fili. Na farko ya sa na tuna kabari, sauran kuma na daina tuna komai. Inna na can bayan kwando tana motsa baki. Mun isa Firenze da hantsi. Na tuna wata coci mai jar ƙubba wadda sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo, da gumakan mutane na farin dutse tsirara a tsakiyar kasuwa, waɗanda suka sa Inna ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Mama Roza na bayani da hannu biyu, Malam Sale na fassara rabi yana haɗiye rabi. Ko'ina muka shiga akwai zanen wata mata rungume da jaririnta, a bango, a saman ƙofa, har a kusurwar titi. An saya mini askirim, na sha, sanyinsa kawai na ji.

A kan wata tsohuwar gada mai shagunan zinariya dama da hagu numfashina ya ɗauke. Na tsuguna a tsakiyar mutane kamar yadda nake yi a layinmu, Turawa na ratse ni suna kallo. Inna ta matsa can bakin gada tana duban ruwan kogin. Ba ta juyo ba ta ce da Malam Sale, "Malam, ka ce wa matar nan ta ɗauke ta, ta gaji." Mama Roza ta dubi Inna, fuskarta ta yi ja, ta faɗi wata magana mai tsawo da Malam Sale ya ƙi fassarawa. Ta sunkuya da tsufanta ta saɓa ni a kafaɗa. Ina jin ƙanshin turarenta da bugun zuciyarta, ina kallon Inna tana biye da mu daga nesa.

Bayan azahar muka isa Pisa, garin da ke da doguwar hasumiyar nan da ta karkace. Malam Sale ya ce da a Damagaram ne da tuni an kai maginin gaban alƙali. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ko rumbu ne ya yi haka, ai a kwashe hatsin." Ita ce doguwar maganar da ta yi ranar. Mama Roza ta fito da kyamara ta ce mu tsaya a ɗauke mu. Muka tsaya, tsakaninmu akwai wurin mutum guda. Ta zo ta kama hannun Inna ta ɗora a kafaɗata, kafin ta koma inda take Inna ta zare shi. Ta sake, Inna ta sake zarewa. Sai Mama Roza ta sauke kyamarar ta tambayi Malam Sale wani abu, wannan karon ya fassara, muryarsa ƙasa-ƙasa: wai tana tambaya, da gaske ita ta haifi yarinyar nan? Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka suka ce." Malam Sale ya yi ta ƙoƙarin bayyana mata al'adar, tsohuwar na girgiza kai. Hoton yana nan har yau: hasumiya a karkace, ni da Inna a miƙe kamar turakun shanu.

Da za mu juyo mun tsaya a wani wurin shan mai, muka yi sallar la'asar a bayan wasu tireloli masu tsabta da ba su yi kama da ta babana ba. Abinci ya ƙare, Mama Roza ta mayar da kwandon cikin but ɗin motar. Muka wuce Firenze ta gefe, muka sake kama hanyar duwatsu, rana na dukan gilashi. Muna shiga kogon farko, duhu na rufe mu, na ji an kama hannuna. Hannu ne mai kaushi, na mai daka da wanke-wanke, ya damƙe nawa da ƙarfi har na ji zafi, babban yatsa yana shafa kumburarrun faratana ɗaya bayan ɗaya. Haske na bayyana a gaba aka sake ni. Na juya, Inna na kallon taga, hannuwanta biyu cikin mayafi. Na ɗauka ma mafarki na yi, sai da muka shiga na gaba hannun ya dawo. Haka muka yi ta yi. A duhu ina da uwa, a haske ina da Inna. Na fara leƙen gaba ina addu'ar Allah Ya kawo wani dutsen.

Akwai wani kogo mai tsawo kafin a gangara Bolonya. A cikinsa ta jawo kaina ta kwantar a kan cinyarta, ta sa tafinta daidai inda za a tsaga. Ƙarar mota ta cika ko'ina, na gaba ba sa jin komai. Ta sunkuyo har ina jin numfashinta a kunnena, ta ce, "A'isatu." Haka ta faɗe shi, da harshenta na Fulani. Ban taɓa jin sunan a muryarta ba, sai ya zo mini kamar na wata. Kafin in tattaro "na'am" daga ƙirjina haske ya faɗo cikin motar, ta ɗaga ni ta zaunar, ta koma jikin ƙofarta. Na ce a raina zan amsa a kogo na gaba. Babu na gaba, gari muka shiga.

An yi aikin, na farka. Muka dawo Potiskum, leɓɓana suka yi ja, na koyi daka da gudu a shekarun da sa'o'ina suka gaji da su. Inna ta koma bakin murhunta, na koma "waccan". Mutane kan tambaye ni yadda Italiya take, in ce musu akwai gine-gine. Yanzu ina da 'yar fari tawa, ina kwaɗa mata kira da sunanta tun daga zaure, tsofaffi na cewa zamani ya lalace. Inna kuwa idonta ya tafi, ni ke kai ta asibiti a Keke Napep. Yanzu da rana tsaka take riƙe hannuna a gaban kowa, don ba wanda zai ga laifin makauniya, kuma babban yatsanta na bin faratana kamar yana duba ko sun sake kumbura. Hanyarmu shimfiɗe take, babu dutse balle kogo, sai in rufe idona ni ma in saurara. Ba ta sake kira ba, amma na'am ɗin yana nan a bakina.