Kaskon Gwaggo a Ɗakin Kilim

Mijina ya ƙi jinin zafi, ga shi Allah ya ajiye shi a Njamena. Nama yake sayarwa a kasuwa, yini yake cikin rana da ƙuda. Da ya samu hali, abu na farko da ya yi wa gidanmu na unguwar Shagwa shi ne ya sa na'urar sanyaya ɗaki, wadda duk garin nan muke kira kilim. Wanda ya haɗa ta ya ce in ana so sanyi ya zauna, sai an toshe duk inda zai fita. Mijina kuwa ba ya yin abu rabi da rabi. Aka cire tagar katako aka sa ta gilashi, aka liƙe 'yan ramukan saman bango da siminti, aka manna roba a bakin ƙofa. Ni dai na ji daɗina, don da tsohon ciki na ci bazarar shekarar.

Na haihu cikin damina, mace. Gwaggo, yayar mahaifina, ta taso daga Ngeli don ta yi mini jego, kamar yadda ta yi wa kowace mace a danginmu. Ita ba ta da ɗa a raye. Sau ɗaya ta taɓa haihuwa, namiji, tun ba a haife ni ba. Ta kwanta da shi lafiya bayan wanka, ta farka shi bai farka ba, ko suna ba a yi ba. Ta ce sanyi ne ya shige shi, kuma tun daga nan ba ta ga maciji da sanyi. Duk jaririn da ya shigo hannunta, aikinta ɗaya ne: kada wannan ma ya tafi.

Ta iso da kanwa, da ganyen darbejiya, da kaskon wutarta, da ɗan ƙullin gawayi a ƙasan kaya, don gwamnati ta hana sayar da gawayi, samunsa a garin nan sai da rufa-rufa. Tana shiga ta ɗaga kai ta harari kilim.

"Wannan mai hura sanyin, kalas, shi ke nan, ya huta sai an yi arba'in," ta ce wa mijina, ba tare da ta dube shi ba.

"To, Gwaggo," ya ce yana durƙushe. "Amma akwai inda ake dannawa ta ba da iska kawai, ba sanyi. A bar wannan, saboda ɗakin ya riƙa shan iska."

Ta yarda da ƙyar. Dukanmu mun ɗauka daga waje take jawo iskar, tunda ga akwatinta can a bayan bango yana gurnani.

Ranar da abin ya faru, ruwa aka tashi da shi. Mijina ya tafi kasuwa. Gwaggo ta yi mini wankan nan da ke sa mace ta tuna duk zunubanta, ta ɗura mini kunun kanwa, sannan ta fita rumfa ta fifita gawayi har hayaƙi ya ƙare, ya zama garwashi ja zir. Hayaƙi ta sani da cutarwa, ba ta wasa da shi. Ta shigo da kaskon, ta ajiye kusa da gado, ta mayar da ƙofa ta danna.

Ɗaki ya yi ɗumi mai daɗi. Can da hantsi kaina ya fara sara, zuciyata na tashi. Na ɗora laifin a kan kunu. Yarinya tana shan nono sai ta saki, na taɓa kumatunta ba ta nema ba, jikinta ya yi laushi. Na ce, "Gwaggo, dubi 'yar nan." Shiru. Na waiga na gan ta jingine da bango, carbi ya zame mata, baki a buɗe. Gwaggo ba ta barcin rana, kuma duk wanda ta kama yana yi sai ya ji ba daɗi. Wannan ne ya tsorata ni fiye da komai.

Da rarrafe na kai ƙofa, yarinya a hannu ɗaya, na buɗe, iskar ruwa ta bugi fuskata. Na yi ta kiran maƙwabciyarmu har ta ji. Ita ta jawo Gwaggo waje, ta kira mijina a waya, ta tsayar da tasi.

A asibiti aka sa wa yarinya robar iska a hanci, mu ma aka sa mana. Sai wajen la'asar ta tsala kuka ta kama nono. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba. Ma'aikaciyar da ta duba mu ta ce garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba. Mijina ya ce ai kilim tana kunne.

"Irin taku ba ta shigo da iskar waje," ta ce. "Ta cikin ɗakin take juyawa, kamar muciya a tukunya."

Gwaggo ta cire robar daga hancinta. "'Yata, ko babu hayaƙi?"

"Ko babu hayaƙi, Hajiya. Ba ta da wari, ba a ganinta. Barci kawai mutum zai ji. Jariri ne ma ya fi saurin tafiya."

Gwaggo ta mayar da robar, ta juya fuskarta bango.

Kafin mu dawo gida mijina ya sa an fasa ramukan saman bangon, an sa musu raga saboda sauro. Ya koyi zare ragar cikin kilim yana wankewa, har yau ba ya bari ta yi datti. Kowace safiya muna buɗe taga ɗaki ya sha iska. Kasko ya koma rumfa. A can Gwaggo ke gasa zani ta shigo da shi da ɗuminsa ta naɗe yarinya. Wanka da kunu ba ta rage mini ko kaɗan ba, sai dai faɗanta ya ragu, ni kuwa na fi son ta da faɗan.

Ana jajibirin suna, ina ninke kayan jariri, na ga Gwaggo ta tsaya tana kallon ramukan.

"Ɗakin da na yi jego a Ngeli," ta ce, "shi ne ɗakin siminti na farko a gidan. Ƙofarsa ta ƙarfe, kasko kuma a ciki yake kwana."

Na gane inda ta dosa, na so in tare ta. "Ai yana da taga ko, Gwaggo?"

"Yana da ita. Ni da hannuna na cusa mata tsumma, don kada sanyi ya taɓa shi."

Ta miƙo hannu na ba ta yarinyar. Ta ja kujera ta zauna da ita a bakin taga. Ana yayyafi, iska na kaɗa labule yana taɓa su, ba ta tashi ta rufe ba.