Ranar da na kira sunan ɗan farina

Jiya ana ruwa a Gwarzo, na fake a rumfar mai kayan miya. Sai ga wani saurayi ya gangaro a guje kan katakon nan mai tayoyi, titi sai santsi, ga tirela tana tahowa.

Na ce, "Wannan ba shi da uwa ne?"

Mai rumfar ya ce, "Hajiya, ai naki ne."

Innalillahi! Ɗan farina, wanda ban taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya. Ban san sanda na ƙwala ihu ba: "Aminu!"

Ya waigo, ya zame, ya faɗa kwata. Tirelar ta wuce.

Ya taso duk taɓo yana dariya: "Inna, ashe kin san sunana?"

Na tasa shi gaba muka koma gida. Katakon dai na cusa shi a murhu. Iyaye mata, na yi laifi?