Yau Dai Ban Sha Ba

Tana zaune a ƙarshen benci a ɗakin jiran awon ciki, nesa da sauran mata, kamar mai tsoron a shinshino ta. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Leɓenta baƙi ne, irin baƙin da jan baki ba ya rufewa. Tsakanin yatsunta biyu akwai guntun biro, tana ɗan buga shi da yatsa, tana kakkaɓe tokar da babu.

Nas ta zo ta tsaya a kanta, ta rage murya. "Ƙanwata, ya batun sigari? Kin daina?"

"Yau dai ban sha ba."

"Wancan zuwan ma haka kika ce. Ki buɗe baki ki ce kin daina mana. Ai za ki iya."

Ta sunkuyar da kai. "Da cikin fari na faɗa, Anti. Maigidana ya yi dariya ya ce mu gani. Kuma ya gani."

Babu goyo a bayanta, babu yaro riƙe da zanenta. Nas ba ta tambayi inda na farin yake ba, ta dafa kafaɗarta ta wuce.

Da alama a gidansu ba wanda ya taɓa ce mata za ta iya. Yanzu ga ta nan, tafin hannu a kan ciki, leɓenta na motsi ba sauti. "Na daina" take gwadawa, tana faɗa wa ɗan cikinta, wanda bai taɓa yi mata dariya ba.