Allurar da Yaya Ya Aika Wakili Ya Karɓa

Mun tashi daga Funtua ana idar da sallar asuba, ni da wata ma'aikaciyar lafiya da direbanta, muka nufi ƙauyenmu da ke bayan Dayi. Bara an yi wa dattawan garin allurar rigakafin mura mai tsanani, bana kuma za a sake yi musu. Liman ya rubuta sunayensu da ajami, ita kuma ba ta iya karanta shi, sai ta roƙe ni in raka ta. Ni ma da tawa damuwar. Yayana mai ciwon ƙirji ya ce bana ba ruwansa da allura, wai bara sun karɓa, amma murar ta kusa kai shi kabari.

Bayan Bakori dawa ta nuna, an fara cirar auduga. A Malumfashi muka tsaya karyawa. Kuɗin da a da ake cika maka leda da ƙosai, yanzu guda huɗu mai suyar ta miƙo mini, tana kallona kamar ta yi mini alfarma. Daga Dayi muka bar mota muka hau babura. Wanda ya ɗauko ni bai san amfanin birki ba, duk addu'ar da na haddace sai da na karanta.

A ƙofar gidan mai unguwa aka shimfiɗa tabarmi. Ina kiran suna, tana tambayar ko mutum ya kwanta ciwo a sanyin bara. Kusan kowa ya kwanta. Da na zo kan Yaya, ta ce, "Baba, a wane hannu aka yi maka?"

"Sani za ki tambaya, shi na wakilta."

Sani babban ɗansa ne, ƙaton magidanci mai saɓa buhun masara shi kaɗai.

Na ce, "Yaya, allura ce fa, ba ɗaurin aure ba."

Ya ce, "Zaman birni ya lalata ka. Ina dattijo zai tuɓe riga a gaban 'yar cikinsa? An kira sunana, an amsa."

Ashe haka yawancinsu suka yi. Liman da tsofaffin matan da suka je da kansu sun yi majina da tari na 'yan kwanaki, ba wanda ya kwanta. Ma'aikaciyar ta ce dama allurar ba ta hana kowace mura, sauƙaƙa ta take yi da yardar Allah. Na yi ta istigfari don kada in faɗi abin da ke bakina.

Yaya ya daɗe yana kallon Sani, sannan ya tashi ya shiga zaure, ya ce a saki labule. A can aka yi masa.

Mun iso gida bayan magariba, bayana na ciwo. Abin da na koyo shi ne, kafin a ce magani bai yi aiki ba, a fara tambayar jikin wa ya shiga. Na kuma roƙi liman kada ya sake rubuta sunan kowa sai ya ga auduga a damtsensa.