Ranar da Shinkafar Alhaji Ta Kakkarye

Jiya a wani lungu na Wurno ƙamshin gumin shinkafa ya tare ni. Na tsaya, kamar zan hango Inna cikin tururin, tana gyara icce a murhu tana salati ƙasa-ƙasa.

Ita ce babbarmu, mu matan da ke yi wa 'yan kasuwa gumi. Wata rana muka shanya shinkafar wani Alhaji na Achida, muka koma inuwa, hira ta kwashe mu. Kowacce na zaton wata ta kwashe shanyar. Rana ta gasa ta, aka kai inji ta fito a kakkarye.

Muka shiga ɗora wa juna laifi, don in ya janye aikinsa mun shiga uku. Wata ta ce a zuba shinkafa mai kyau a saman buhun, a rufe kakkaryayyar.

Inna ta ce, "Ku bari, ɗiyana. Tare munka zamna, tare munka manta."

Da ya iso, da hannunta ta buɗe buhun, mu duka muna tsaye bayanta. "Alhaji, diba mi munka yi maka."

Ya daɗe yana murza ta a tafinsa. Can ya ce, "Gobe ina aiko da wata."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta, Ya haɗa ta da masu gaskiya.